Shekara Ashirin Ina Jiran Rakiya Ta Juyo

Da wannan daminar shekara ashirin ke nan da rasuwar Rakiya, ɗiyata ta fari. Sai da na ajiye biro na ɗan huta bayan na rubuta sunan nan, domin tun ranar da liman ya raɗa mata shi har ranar da aka kai ta makwancinta, bai taɓa fita daga bakina ba. "Yarinyar nan" nake cewa, ko "ta wajen Yaya". Ta bar ɗiya guda, Safiya, wadda muka aurar a watan da ya wuce. Safiya ba ta san fuskar mahaifiyarta ba. Abin da ya sa na zauna rubutun nan shi ne, ni ma da na haife ta ban san ta ba.

Ni ɗan kasuwar kifi ne a Yelwa, kifin banda nake saya a bakin ruwa ina sayarwa, karatuna kuwa bai wuce firamare ba, don haka a yi haƙuri da rubutuna. Yaran yanzu za su yi mamakin abin da na faɗa, amma a gidajen irinmu a ƙasar Yawuri haka muka tarar. Ɗan fari na kunya ne. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, ba ka zura masa ido. Da aka yaye Rakiya sai yayata Asabe ta zo ta goya ta zuwa Birnin Yawuri, can ta girma. Idan ta zo mana salla, takan durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe ni, ni kuma in amsa ina murɗa rediyon da babu abin da ya same ta. Ba ƙi ba ne. Allah ya sani, ranar da na ji muryarta a tsakar gida, ko kasuwa ta yi mini gardama ba na jin haushi. Amma mutum a lokacin da kawar da kai yake nuna ya san ya kamata, ni kuwa ina so a ce na san ya kamata.

Wanda ta aura ita ta zaɓe shi, wani manomin albasa ne a wani gungu, wato tsibiri, ta ɓangaren Ngaski. An yi shirin biki yadda ake yi. Asabe da mahaifiyar Rakiya suka tara kwalla da langa, aka ɗinka katifa, aka soya kayan gara har maƙwabta suka gaji da ƙamshin mai. Ana gobe kamu sai ga mai hoto na bakin kasuwa ya yi sallama a zaurena, da jakarsa a kafaɗa. Mutum ne da ya san aikinsa, duk wani hoton kirki da ke rataye a ɗakunan Yelwa a lokacin hannunsa ne. Na ba shi ruwa ya sha, na ce ya koma, namijin waje ba zai shiga mini cikin mata ba. Ƙanena Ɗanjuma, direban babbar mota, ya zo da kyamara daga Ikko, shi kuwa ɗan gida ne, ko'ina yana iya shiga.

Da yamma Asabe ta same ni a zaure. Ba ta ko zauna ba.

"Mai hoton da ka kora, yarinyar ce ta roƙa a kira shi. Ta ce ko guda ɗaya take so, ita da kai."

"Haba Yaya. Ni da ita a hoto? Mutane su ce mi?"

"Su ce mi kuwa? Su ce ubanta ne."

Na yi dariya na ce a bar zancen. Ta dube ni, ta gyara mayafi ta koma ciki.

Ɗanjuma ya yi iya ƙoƙarinsa, wannan ba zan hana shi ba. Kwana biyu yana yawo da kyamara a wuya, ya ɗauki kamu, ya ɗauki sa lalle, ya ɗauki amarya da ƙawayenta fuska a buɗe suna dariya. Duk wanda ya yi masa magana sai ya ce, "Ku kwantar da hankalinku, wannan 'yar Ikko ce, ba ta kuskure." Ni ina rumfata a kasuwa, kamar yadda uban amarya yake yi. Sai da za a tafi da ita aka kira ni, aka kawo ta zaure a lulluɓe tana kuka, na yi mata nasihar da ake yi. Ƙafafunta na gani, da jan lalle har idon sawu, babban yatsan hagu ya ɗan karkace. Har gobe ina iya zana ƙafafun nan a ƙasa.

A bakin ruwa, ana loda kaya a jirgi, wani abokin wasan Ɗanjuma ya tsokane shi ya ce, anya akwai wani abu a cikin kyamarar nan kuwa, ko ƙyasta ta kawai kake yi don mata su gan ka? Ɗanjuma ya ji haushi, ya buɗe bayanta a tsakiyar rana ya nuna masa fim, ya ce ga shi nan, ya mayar ya rufe. Babu wanda ya san an yi ɓarna. Sai da muka kai wa mai hoton nan da na kora, ya aika aka wanke, ya kira mu ya ɗaga fim ɗin sama. Baƙi ƙirin. Haske ya shiga ya cinye duk abin da aka ɗauka kafin a buɗe. Bai ce mana komai ba sai, "Allah ya kiyaye gaba."

Abin da ya tsira shi ne wanda aka ɗauka bayan an rufe, lokacin da jirgi ya riga ya bar gaɓa. Ga ruwa, ga dogon jirgi mai inji, ga katifa a naɗe da kwalla a jere, ga mata da atamfa iri ɗaya sun ba mu baya. A tsakiyarsu akwai wani farin abu kamar an ajiye ƙunshin auduga. Ita ce.

Na ce ba komai, ai tana nan, wata rana a yi wani. Bayan shekara biyu, da damina, ta haihu a gungun. Jini ya ƙi tsayawa, aka sa ta a jirgi za a kawo ta asibiti, kafin a iso gaɓa rai ya yi halinsa. Da mata suka gama shirya ta, Asabe ta fito ta ce in shiga in yi mata addu'a. Na shiga na tarar an riga an rufe fuskar. Hannuna ya kai kusa da likkafanin, sai na ji motsin mata a bayana, na janye shi. Har a nan kunyar ba ta sake ni ba.

Daga baya mun nemi wani hoton nata ko'ina. Ba ta yi boko mai nisa ba, ba ta yi katin komai ba. Mahaifiyarta, wadda ta fi ni kawar da kai, ta bi ta bayan 'yan shekaru. Asabe ma, wadda ta fi kowa sanin ta, ta tafi.

Sana'ata a bakin ruwa take. Ranar kasuwa jirage na zuwa daga gungaye cike da mata, da yamma su koma. Sau da yawa ina tsakiyar ciniki sai in hango wata mai farin mayafi zaune a tsakiyar jirgi ta ba ni baya, sai maganar ta tsaya mini a baki, in tsaya ina jira ta juyo. Wani lokaci takan juyo, in ga wata ce dabam. Amma da me na san wata ce dabam? Wannan tambayar ce take bina gida. Abokan kasuwa sun ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ni, na bar su a haka.

Safiya a gidana ta tashi. Abin da al'ada ta hana ni da uwar ta sakar mini shi da jikar, domin jika abokiyar wasa ce. Na goya ta, na ba ta tuwo a baki, ina ce mata matata tana ce mini tsoho. Tun tana ƙarama takan ɗauko hoton jirgin ta ɗora yatsa a kan farin mayafin ta ce, "Wannan ce Innata?" In ce ita ce. Ta ce, "Da ni take kama?" In ce sak, har ma kin fi ta baki. Ta yi dariya ta ruga. Na yi shekaru ina tsere wa tambayar da wannan wasan.

Da aurenta ya tashi da wani malamin makaranta mutumin Shanga, na ga yadda duniya ta canza. Ita da ƙawayenta a waya suke shirya komai, anko da mai kwalliya da mai abinci da wadda za ta ƙawata wurin kamu. Amma kafin duk wannan, mai hoto ta fara nema, wata yarinya a nan Yelwa mai suna Bilkisu da ta koyi aikin sosai. Mace ce, babu ɗakin da ba za ta shiga ba. Da na ji haka sai na rasa inda zan sa kaina.

Na ce bari in tsokane ta. "Matata, ki guje ni ki auri mai alli, kuma har da hoto don in riƙa gani ina baƙin ciki?"

"Tsoho, kai da ƙayar kifi ke gagarar haƙoranka, ina kai ina amarya?" Muka yi dariya. Sai ta ajiye wayar. "Ko shinkafa ba za ta isa ba, a bar mini mai hoto. Ba na so wata rana ɗana ya ɗora yatsa a kan mayafi ya ce wannan ce Innata."

Nakan tambayi kaina abin da Rakiya za ta ce da ta ga bikin nan. Ina jin da ta ga 'yan matan yanzu suna tsayawa kafaɗa da kafaɗa da angwayensu ana ɗauka tun kafin a ɗaura aure, da ta rufe baki tana salati, kuma ni ma ban ce komai na zamanin nan ya yi mini ba. Amma da ta ga Bilkisu ta zo tun ana jibi tana zagaya gida tana duba inda haske ke faɗuwa, tana tambayar su wane ne tsofaffin da bai kamata a manta da su ba, da kyamara biyu a jaka don kada ɗaya ta ba da kunya, ina jin da ta ce abin da ta roƙa ke nan, ba wani abu mai yawa ba. Wannan ma hasashe nake yi. Mutumin da ka sani da murya kawai, ba ka da ikon rantsewa a kan abin da zai ce.

Ga masu shirin aurar da 'ya'ya, abin da zan ce kaɗan ne. Yau kowa da waya a hannu, kowa mai hoto ne, kowane gida akwai Ɗanjumansa. Waya tana faɗawa ruwa, tana ɓata, tana mutuwa da abin da ke cikinta. Abincin biki ranar yake ƙarewa, anko ya koɗe, kwalla ta yi tsatsa. A nemi wanda aikinsa ke nan, kuma idan an kira uba ya tsaya, ya tsaya.

Ranar wunin Safiya na sa hula da safe zan sulale kasuwa, ƙafata ta saba. Ita da kanta ta fito da kwalliyarta ta riƙe hannun rigata a gaban mata, suka yi ta guɗa suna cewa angon farko zai gudu. Aka ajiye mana kujeru biyu a gindin darbejiya. Bilkisu ta ɗaga kyamara, ta sauke.

"Baba, ba ni za ka duba ba. Amarya za ka duba."

Na juya. Safiya ta ɗage mayafin zuwa bayan kai. Fuskar da na sani ce tun tana tsumma, amma ban taɓa ganin ta a ƙarƙashin farin mayafi da lalle a hannu ba. Ta rage murya yadda ba mai ji sai ni.

"Kaka, yau ban da wasa. Na yi kama da ita?"

Amsar da na saba tana kan harshena. Na haɗiye ta.

"Ban sani ba, Safiya. Ban taɓa duban ta ba."

Na zaci za ta tashi ta shige ɗaki, kuma da ta yi haka ba zan ga laifinta ba. Sai ta miƙa hannu ta gyara mini hula, ta ce, "To, zauna daidai." A nan kyamara ta ƙyasta. Bilkisu ta duba ta ce idanunmu duka sun yi ja, bari a sake. Safiya ta ce a bar shi haka.

Me ya rage na Rakiya bayan shekara ashirin? Ɗanjuma, wanda har yau ba ya yarda ya riƙe wa kowa waya a wurin biki, ya rantse goshin Safiya nata ne. Mijin da ta bari ya ce a'a, idanun ne. Suna gardama su juyo gare ni in raba su, ni kuwa ba ni da abin cewa. Abin da nake da shi muryarta ce tana gaishe ni daga bakin ƙofa, da wata 'yar dariya da take yi ta hanci idan tana wanke-wanke, da ɗiyar da ta bari, wadda ta ji gaskiya daga bakina a ranar aurenta kuma ba ta tashi daga kusa da ni ba.

Na tsufa, tafiya ta matso. Abin da ke tsorata ni yanzu shi ne a haɗa mu a inda ake haɗuwa, ta wuce ta gabana a cikin taro ban sani ba. Duk shekarun da na yi ina kawar da kai, ban san inda idonta yake ba. Ina fata a kaina yake. Wanda duk ya karanta wannan, ya taya ni roƙon Allah ya jiƙan Rakiya, ya yalwata mata kabarinta, ya kuma sa ta fi ubanta iya gane nata.