Ƙullin Igiyar Mushe Ilu

Na daɗe ina jujjuya wannan rubutu a raina kafin in ɗauki bik, wato biro. Sau uku ina farawa ina yagewa. Ni ba mai zurfin karatu ba ne, a ajin ƙarshe na firamare na tsaya, ɗinki ne sana'ata a Tanut. Wanda zan yi magana a kansa kuwa mutum ne da in ya ga kuskure a takarda sai ya zagaye shi da jan bik, ko da takardar gayyatar suna ce. Ku da kuke cikin wannan zaure yawancinku ɗalibansa ne na kolej, kun fi ni sanin fizik ɗin da ya koya muku. Amma akwai tambayar da ta hana ni sukuni, kuma makomar rijiyar ƙauyenmu na wajen Gangara ta rataya a kanta: nawa ne tsakanin ƙulli da ƙulli a igiyar da kawuna Mushe Ilu (Mushe, yadda muke kiran malamin boko a nan), Allah ya jiƙansa, yake auna rijiyar da ita? Zan zo kan wannan. Bari in fara tuna muku mutumin, don ku gane abin da ya sa na kasa yin shaci-faɗi.

Kun sani, ba a faɗin lamba a gabansa a bar ta haka nan. Ka ce masa "goma", sai ya karkata kai, ya lumshe ido ɗaya, ya ce, "Goma me?" Yana kiran irin wannan lamba tsirara. Wai lamba ba ta fita bainar jama'a sai da tufafinta, ko metir, ko kilo, ko minti. Ɗaya daga cikinku ya taɓa gaya mini cewa ya yi lissafin zurfin rami a kilas, ya cika allo, amsa ta fito a sakan. Kawu bai ko dubi lambar ba. Ya ce, "Madalla. In za ka sayi igiyar guga sai ka ce a yanko maka sakan huɗu." Wai daga ranar nan kafin ya duba ko lambarsa daidai ce, sai ya fara duba ko irin abin da aka tambaye shi ne ya fito.

Ni kuwa nawa darasin ya fi na kowa tsada, kuma na san wasunku tun yanzu sun fara dariya. I, ni ne Lawali mai wandon nan.

Ga yadda abin ya faru, don an daɗe ana ƙara masa gishiri. Metir ɗin awo na teloli fuska biyu gare shi, ɗaya inci, ɗaya santimetir. Wanda ya koya mini ɗinki a Kano ya koyo, da inci yake aiki, ni ma haka na tashi. Abokin aikina Habu kuwa a Damagaram ya koya, santimetir ya sani. Kawu ya kawo yadi a ɗinka masa wando. Na auna shi, na rubuta a takarda: tsawo arba'in, ƙugu talatin da huɗu. Yana tsaye a kaina ya ce, "Arba'in me?" Na ce, "Haba Kawu, wannan fa sana'ata ce." Ya ce, "To." Kashegari zazzaɓi ya kwantar da ni, Habu ya ɗauki takardar, bai san mai yadin ba, ya yanka da tasa fuskar. Ya ma yi murna, wai yadi ya yi saura da yawa.

Ranar da Kawu ya zo karɓa, Habu ya miƙa masa wandon da ko ɗan yaye sai ya yi ƙoƙari kafin ya shiga. Ni ina neman ƙasa ta tsage. Kawu ya ɗaga shi sama, ya juya gaba, ya juya baya, ya ce, "Ɗinki ya yi kyau. Ba kuskure ko ɗaya. Arba'in ne cif." Na ce zan sayo wani yadin. Ya ce, "A'a, wannan nake so." Ya tafi da shi kolej ya rataye a ƙusa gefen allo, kuma can ya zauna har ya ajiye aiki. Kowace shekara da shi yake buɗe darasin farko. Har yau akwai manyan ma'aikata da ke tsayar da mota a ƙofar shagona su leƙo su ce, "Kai ne mai wandon?" Wallahi ban taɓa sake rubuta awo ban sa masa sunansa ba.

Sai zancen kasuwa. Kowa ya san yadda ake awon hatsi a nan: a cika tiya ta yi tozo, mai awo ta tare da hannu, in kana da baki a ƙara maka ɗan gyara. Kawu da regil ɗinsa na katako, na jan layi a kilas, yake zuwa. Ana cika tiya sai ya ce, "Dakata," ya bi bakinta da regil ya share tozon, hatsin ya koma cikin buhun mai shi. Wai tozo ba awo ba ne, ya danganta da faɗin tafin hannun mai awo da kuma yadda ta tashi da safe. Mata masu hatsi suna hango shi sai kira ya kaure: "Mushe, nan! Mushe, nawa ya fi tsabta!" Matarsa, Inna Mariyama, ta gaji ta ce, "Kowa mijinta kasuwa yake zuwa ya nemo ƙari, ni nawa zuwa yake ya mayar." Ya ce, "Amma kin san abin da ke cikin buhunki." Ta ce, "Na sani mana. Kaɗan ne."

Wata rana kuma na raka shi tasha zai je Damagaram. Da gangan ya tambayi direba nisan hanyar. Direba ya ce awa uku. Kawu ya ce, "Nisa na tambaye ka, ka ba ni lokaci. A motarka awa uku, a raƙumi kwana huɗu. Hanyar ce take miƙewa in ta ga raƙumi?" Direba ya ce, "Baba, za ka shiga ko ba za ka shiga ba?" Ya shiga. A hanya taya ta fashe, sai bayan awa bakwai suka isa. Da ya dawo bai yi ƙorafi ba ko kaɗan, fuskarsa ma har wani haske take yi. Ya ce, "Nisan dai bai canza ba."

Da ya ajiye aiki sai ya koma ƙauye, ya ɗora wa kansa aikin da ba wanda ya sa shi. Duk farkon wata, da sassafe kafin a fara jan ruwa, yakan je bakin tsohuwar rijiya da wata doguwar igiya mai ƙulli-ƙulli, da ɗan ƙarfe ɗaure a bakinta. Ya zura ta a hankali har ya ji ƙarfen ya taɓa ruwa, ya janyo yana ƙidaya ƙulli, ya rubuta a kaye, littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Shekara goma sha ɗaya yana wannan. Mutane suna ce masa, "Mushe, yau ruwan nawa ya ce?" Ba ya kula su. Na taɓa tambayarsa me ya sa a kayen ba ya wuce "da rabi", alhali ya iya lissafi har lamba biyar bayan ɗigo. Ya ce, "Igiya tana miƙewa in ta jiƙe. Abin da ta iya gani rabin ƙulli ne. In na rubuta fiye da haka, ƙarya na yi mata." Na daɗe ina tunanin wannan magana. Mutumin da ake ce wa ya cika ƙaƙale, ashe shi ne ya fi kowa sanin inda saninsa ya tsaya.

Ya yi jinya mai tsawo, awon ya tsaya, sannan Allah ya karɓi abinsa. Aka ba ni akwatin takardunsa da igiyar. A nan ne na yi abin da nake kwana nake tashi da shi. Ranar sadakar bakwai wani Bafillace mai jajayen shanu ya zo rijiya, igiyar wasakinsa ta tsinke, dabbobi na ta kuka. Na tuna da ta Kawu tana rataye a zaure. Na ɗauko na ba shi, na ce ya yi wa mamacin addu'a. A raina sadaka na yi. Ban tambayi sunansa ba. Na ji dai ya ce wajen Belbeji suka nufa.

Bana masu aikin ruwa suka zo ƙauyen. Aiki ɗaya za a yi mana kafin damina: ko a ƙara wa tsohuwar rijiya zurfi, ko a bar ta a haƙa sabuwa can fadama, inda mata za su riƙa yin doguwar tafiya da tulu. Maigari ya tuna da kayen Kawu, ya aiko na kai. Shugabar masu aikin ta yi ta buɗe shafi tana jinjina kai, ta ce ba ta taɓa ganin ƙauyen da aka yi wa rijiyarsa irin wannan rubutu ba. Sai ta nuna lambar ƙarshe ta ce, "Arba'in. Amma ƙulli ɗaya nawa ne?"

Na san Kawu ya rubuta. Rantsuwa zan iya yi ya rubuta, a shafin farko, da jan bik, har da layi biyu a ƙasa. Amma gara ta shiga akwatin tun yana kwance, kuma shafin farko da bango ta fara ci.

Matar ta yi mana bayani dalla-dalla. Sun auna da nasu kayan, ruwa yana metir hamsin da biyu daga bakin rijiya. In ƙullin Kawu metir ɗaya ne, to ruwan ya gudu metir goma sha biyu cikin shekara huɗun da aka yi ba awo, rijiyar mutuwa take yi, ƙara mata zurfi wahalar banza ce. In kuwa ƙullin ya fi metir, misali metir ɗaya da santimetir talatin, to ruwan yana nan kusan inda ya bar shi, gyara kawai take so.

Za ku ce ai malamin fizik da metir zai ƙulla. Ni ma haka na fara cewa. Amma Kawu bai taɓa ɗaukar metir abin bauta ba. Yakan ce kowane ma'auni daidai ne, muddin ba ya canzawa kuma an faɗi sunansa. Ga shi ba ya sayen abin da zai iya samu a bayan ɗaki. Kuma ina da wani ɗan tuni, kamar na taɓa ganinsa a tsakar gida yana shimfiɗa igiya a jikin wani dogon ƙarfe na tsohuwar amalanke, wanda ya fi metir tsawo, yana ƙullawa. Sai dai ban tabbata wannan igiyar ce ba, ko ta ɗaurin dami. Inna Mariyama ta ce ita ba ta taɓa kula ba, don ta ɗauka duk cikin haukansa ne.

Maigari ya ja ni gefe. Ya ce, "Lawali, ka ce ƙarfen ne. Kai ne ɗan ƙanwarsa, wa zai ƙaryata ka?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ban tabbata ba." Ya ce, "Tabbas ɗin me? Ka dubi matan nan. Ka dubi tsoffi. Kalma ɗaya ce fa." Na ce, "In na faɗa, aka zura mutane cikin rami, aka gama aikin, shekara biyu ruwa ya ƙafe, sabuwar kuma ta wuce mu?" Sai ya ce, "Jininsa ne a jikinka, Allah ya sawwaƙe." Ban san ko zagi ne ko yabo ba. Ina jin shi ma bai sani ba.

Ga inda nake. In na ce metir ne, wataƙila na kashe rijiya mai rai. In na ce ƙarfe ne, wataƙila na binne rabonmu a cikin matacciya. Mun yi shekaru muna yi wa mutumin nan dariya, ni da ku da matan kasuwa, shi kuwa yana fita da sassafe yana tara mana abin da za mu buƙata bayan ba ya nan. Ya yi nasa daidai. Ni ne na ba da igiyar.

Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya haskaka makwancinsa, ya shayar da shi kamar yadda ya damu da ruwan da za mu sha. Ranar da za a ɗora ayyuka a kan mizani, Allah ya sa nasa ya rinjaya da rahama. Amin.

Roƙona gare ku shi ne wannan. In akwai wanda ya taɓa raka shi bakin rijiyar ya riƙe masa igiya, ko ya ji daga bakinsa da me ya ƙulla ta, ko ya taɓa karanta shafin farko na kayen nan mai koren bango, don Allah ya yi magana a nan zauren. Ku kuma da kuke aiki wajen Belbeji, ku taimaka ku tambayi makiyaya a bakin rijiyoyi ko wani yana da igiyar roba shuɗiya mai ƙulli a jere. Ko guntunta ne ya isa, in dai akwai ƙulli biyu a jiki, kuma kada a kwance su. Wanda ya tuna amma yana shakka, ya faɗa mini har da shakkar tasa, kada ya ji tausayina ya cire ta. Masu aikin sun ba mu Juma'a biyu. In sun cika ban ji daga kowa ba, zan je gaban maigari da jama'a in ce ban sani ba, kuma ni ne sanadin rashin sanin.