Ciwon da Ya Kama Memorin Yayata

Wannan abu ya faru bayan an hana acaɓa a Kano, kafin kullen korona, a daminar da katangar gidanmu na Fagge ta zube. A lokacin yayata ta shekara biyu da rasuwa.

Kafin ta rasu jikokinta sun ɗauki muryarta a waya tana waƙoƙin niƙa da na daɓe, waɗanda muka koya a bakin kakarmu. Waƙa goma sha tara. Aka zuba mini su a memori, ɗan abu kamar farcen jariri, na ƙulle a bakin zane. To mu a layinmu ba a hana aro. Yadda turmi da rariya suke yawo gida-gida, haka memorin nan ya yi ta yawo daga wannan waya zuwa waccan, har ya dawo mini ba ya magana. Kuma ba kowa da ya ajiye waƙoƙin sai ni.

Masu gyara biyu na kai wa, kowanne ya ce bairos ne, wato ciwon waya, sai dai a wanke shi tas. Na ce a wanke har da yayata a ciki? Na karɓi abina.

Sai na nufi Sabon Gari wajen 'yar wata ƙawata Ibo mai sayar da manja. A Kano aka haifi 'yar, Hausarta ta fi ta wasu 'yan Fagge. Shagon kwamfuta gare ta, kuma ita da kanta ta haɗa wani abu a kwamfutar mai binciken memori. Duk ciwon da ta taɓa gani a wayoyin garin nan ta adana alamarsa. Abin nata yana bin kayan ciki ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ga alamar a jikinsa ya goge.

“Ya goge?” na ce. “Ba tambaya?”

“Mama, ai aikinsa ke nan.”

“Ke ba ki taɓa tsintar shinkafa ba? Ƙwayar da kike shakka ba a zubar da ita. Gefen faifai ake tura ta, in an gama a sake dubawa.”

Ta yi dariya. “Yanzu Mama ke za ki koya mini kwamfuta?”

“Uwarki ma ni na koya mata tuƙa tuwo.”

Ta ce in dawo jibi. Kwana biyu ta yi tana gyara abin nata, ya daina gogewa, sai dai ya ware gefe.

Da na koma ta saka memorin. Ashe ciwon ɓoye waƙoƙin ya yi, ya jera na bogi a madadinsu. Ta fito da na gaskiyar, ta yi ta kunnawa ina ƙirgawa da kunne, tunda ni ban yi boko ba.

“Sha takwas,” na ce. “Saura ta daɓen ɗakin amarya.”

“Mama, babu wata.”

“Duba waɗanda ya ware.”

Tana can kuwa, cikin na bogi. Da wata tsohuwar waya aka ɗauke ta, abin bai gane ta ba, ya zaci ciwo ce. 'Yar ta danna, muryar yayata ta cika shagon, haɗe da muryoyinmu mu mata shida da muka yi mata amshi ranar da aka ɗauka.

Tun daga ranar mai son ji sai ya zo ɗakina ya zauna. Mai manja ta koma garinsu, can ta rasu. 'Yarta tana nan da shagonta. Cikin mu shida masu amshi saura ni da matar ƙanen mijina, wadda kullum takan riga kowa shiga waƙar, har yau kuma tana musu.