Sunan da Kaka Ta Ƙi Faɗa

Gidanmu na unguwar Longsight, can ƙasar Turawa, ba shi da murhu, sai hita mai gas a falo, kuma a shekarun nan da gwamnati ke ta yanke-yanken kuɗin tallafi Baba ba ya bari a kunna ta sai bayan magariba. Da an kunna, kakarmu ta wajen uba za ta jawo kujera ta miƙe ƙafa, ni da ƙanina mu zube a gabanta. "To Turawa," haka take kiranmu don Hausarmu duk a karye take, "ga ta nan, wanda ya yi gyangyaɗi shi ya sani."

Akwai tatsuniya ɗaya da ba Gizo a cikinta, ita ta fi maimaitawa. Wai wani ɗan malamai ne aka tura karatu bayan teku. A can ya tarar da wata baƙar dabba mai haƙora fari da baƙi, in ka taɓa haƙori ɗaya sai ta yi kuka. Ya yi ta lallaɓa ta har ta saba da shi, kukanta ya koma daɗi, mutanen garin suka riƙa cika ɗaki don su ji, samari na leƙen yatsunsa suna koyo. Amma a gidansu kiɗa aikin maroƙa ne, don haka ya ari wani suna yana amsawa, kada labari ya kai kunnen ubansa. Da ya koma gida bai ƙara taɓa dabbar ba.

"Sai me ya faru, Kaka?"

"Ba abin da ya faru. Ya tsufa ya mutu. Ku tashi ku yi alwala."

Haushin wannan ƙarshe nake ji, wallahi. Sai da na kai shekara sha biyu na gane dabbar fiyano ce, abin kiɗan Turawa, ɗan malaman kuma kakana ne. Baba ne ya fasa ƙwan, ba da niyya ba. Muna cin tuwo ya ce ya gani a jarida council, wato ƙaramar hukuma, za su rufe wani ƙaramin laburare a Birmingham inda aka ajiye kaset-kaset na tsofaffin makaɗan jaz na unguwar, an ce iyalai su zo su karɓi nasu kafin ƙarshen wata. "Gara ma," in ji shi, "abin kunya ya tafi da su." Kaka ta tsame hannunta daga kwano.

Ranar Asabar ta ce in raka ta, ni ce bakinta tunda ba ta jin Turanci. A mota ta ba ni sauran labarin. Tana amarya ya kawo ta Birmingham, sau ɗaya tak ya kai ta wurin da yake kiɗa, ta zauna a lungu da mayafinta tana tsoro tana kuma jin daɗi. A ranar aka naɗi kiɗan nasa, ba a kuma sake ba.

Mun tarar da laburaren rabi a kwali. Matar da ke wurin ta duba sunan kakana na gaskiya, babu. Ta ce da wane suna yake kiɗa? Na juya wajen Kaka.

"Ki ce mata Malam."

"Kaka, ba Malam ba. Sunan da ya ara."

"Ki ce baban Baba."

"Haba Kaka! Please, sau ɗaya kawai. Kalma ɗaya ce fa!"

Ta buɗe baki, sai ta ja mayafi ta rufe. Matan zamaninsu ba sa kiran sunan miji, kuma a wurinta sunan aro ma sunansa ne, tunda ya amsa shi. Matar ta jira mu fiye da rabin awa, ta nuna mana kwalayen, kaset ɗin sun fi ƙarfin a saurara ɗaya bayan ɗaya. Na yi wa Kaka tsawa a gaban mutane, abin da har yau nake jin kunyarsa. A hanyar dawowa sau ɗaya ta yi magana: "Yana raye ban kira shi ba, sai yau a gaban baƙuwa?" Daga ranar ba ta sake yi mana wannan tatsuniya ba.

Na daɗe ina ɗora mata laifi, ina cewa kunya ta cinye mana gado. Bayan rasuwarta ina jami'a, ni aka sa in kwashe kayanta. A cikin jakar Alƙur'aninta na sami wata takarda ta sha ninki, da rubutun ajami a hannunta, suna ɗaya an jera shi layi bayan layi. Na karanta shi ba wahala, haruffan da aka koya mana ne a Islamiyya. Na buga waya ko'ina, ginin laburaren ya zama gidajen haya, ba wanda ya san inda kwalayen suka nufa.

Ashe faɗa ne ba za ta iya ba, rubutawa kam tana yi. A ranar nan da na tsaya ina mata tsawa, da biro da takarda a cikin jakata.