Filin Takobi a Kan Kwalin Sukari

A waya na fara ganin wasan, ina zaune a lakwal ɗin da nake koyarwa a Tsarnawa. Mutane sun kewaye tebur, ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin ya zama shi, in faɗa ya tashi sai a jefa ɗan lido ya raba gardama. Wallahi ranar ban san me na koyar ba. Yayana kawai nake tunani.

Yayana ɗan kokawa ne, har Konni an san shi. Ya tafi ci-rani, mota ta kife da su, ya dawo da ƙafa a karye. Tun daga nan ya shige zaure ya ƙi fita. Ko kiɗan kokawa ya ji a rediyo sai ya kashe. Abin yana ci mini rai, na rantse sai na fito da shi.

Na samo kwalin sukari wajen mai shayin fadarmu, wato gindin dogon yaron ƙofar gidanmu inda muke taruwa bayan la'asar. A kai na zana wani tsohon birni da na ƙirƙira, da fili a tsakiya inda bayi suke faɗa da takobi jama'a na kallo. Marafan kwalba su ne mayaƙa. Sannan na dinga ƙulla makirci, kai, har ni kaina na ji tsoron kaina! Mai filin yana sa wa zakaran mayaƙansa guba a fura. Wazirin birni yana son a kashe wani bawa a gaban jama'a, don bawan ya ga abin da bai kamata ya gani ba. Duk labarin a kan mutuwar bawan nan na ɗora shi.

Da gangan nake yin shirin da ƙarfi, kusa da zaure. Mai shayi ya zaɓi ɗan leƙen asiri, abokina direban taksin Dogarawa ya ce shi sai mai guba. Muna cikin musu sai muka ji murya daga ciki.

“Mushe, wane irin fili ne wanga babu makaɗi?”

Mushe yake ce mini don tsokana, wato malam, kamar yadda 'yan lakwal suke kirana da Faransanci. Murna ta kama ni, amma na daure na ce, “Yaya, faɗan takobi ne, ba kokawa ba.”

“Shirme! Wa zai shiga fili ba a kira sunan ubansa ba?”

Sai ga shi ya fito yana dogara sanda, wai zai gyara mana kawai. Ya sa na ƙara makaɗi, da layu, da masu zuga. Na miƙa masa marfi ja na ce ga zakaran fili, babu mai riƙonsa. Ya harare ni, ya karɓa.

Washegari muka buga. Direba yana kaɗa tire da cokali, mai shayi ya manta da butarsa a wuta. Da aka haɗa zakaran fili da bawan nan, Yaya ya jefa ɗan lido, shida ta fito, bawan ya faɗi. Na kwantar da marfinsa, na kumbura murya irin ta waziri na ce, “Kashe shi!”

“Ba ni kashewa,” in ji Yaya.

Raina ya ɓaci, don in bawan bai mutu ba duk wahalata ta tashi a banza. Na ce, “Haba Yaya, dokar birnin ke nan!”

“Birninka ne, amma fili namu ne. Wanda ya faɗi, ɗaga shi akan yi.”

Ya sa yatsa ya tayar da marfin, ya ajiye shi kusa da nasa. Sannan ya dube ni, yana ɗan murmushin da na daɗe ban gani ba.

“Ko ba abin da kake ta yi ke nan ba, Mushe, da kwalinka da ihunka a ƙofar zaure?”

Na sunkuya na ɗauki buta ina zuba masa shayi, idona yana kansa, har kofin ya cika ya zube a kan birnin.