Liƙin da Ake Ce wa na Nasara

Jiya a tashar Gaya na ji wani makaniki yana ce wa liƙin tagulla "liƙin Nasara", raina ya ɓaci. Na marigayi kawuna ne, maƙerin mundaye!

Zamanin Faransa ina tuƙa kamyon, wato babbar motar ɗaukar gujiya. Bututun ruwan injin na jan ƙarfe ne, kuma duk liƙin dalmar da Nasaran garaji ya yi, da mota ta ɗau zafi sai ya saki. Na kai wa Kawu. Har yau ina jin ƙaurin gawayinsa. Ya narkar da tsohuwar munduwa, ya jira harshen wuta ya yi kore, sannan ya zuba. Ya ce, "Ɗana, ƙarfen da bai sha wuta a maƙera ba, a hanya zai kunyata ka."

Liƙin bai sake saki ba. Nasaran ya je maƙera ya ƙare wa aikin kallo, ko sannu babu. Da kumandan mai mulkin gari ya tambayi wane ne mai dabarar, sai Nasaran garaji ya dafa ƙirjinsa. Ina tsaye a wurin, tsoron a ƙwace mini mota ya rufe mini baki.

Kawu, Allah ya sanyaya makwancinka, ya bi maka hakkinka, ko da ta kaina zai fara.