Wanda Ya Hana Kawunsa Kodi

Kullum kafin rana ta yi zafi Abdussalamu yana biro, wato ofishin ƙungiyarmu ta rumbun tsimi a Mayahi. Ya goge ordinater, kwamfutar ƙungiya, da hannun riga, ya zauna jiran rezon intanet. Haka yake tun farin 2010, wanda ya zo mana tare da mulkin soja, har zuwa bana.

Shi ya gina shafin intanet mai ɗauke da sunayen masu karɓar gero. Ya ba kowane ma'aikaci sunan shiga da kodinsa na sirri, ya yi masa iyaka. Na ƙauyen Gidan Amumune ba ya taɓa sunayen ƙauyen Issawane, kuma duk wanda ya goge suna, shafin ya riƙe sunan mai gogewar.

Mu kuwa a nan, ɗa ba ya hana babba abin hannunsa. Sale mai gadi yana tsaye ranar da shugaban ƙungiya mai suna Na Allah, kawun Abdussalamu, ya shigo.

"Ɗana, ba ni kodinka in gyara wasu sunaye."

"Kawu, ka gahwarce ni. Ko rigata ka ce, sai in tuɓe maka. Wanga kam ba ni iyawa."

Sunayen na makiyaya ne da suka bi shanu kudu, za a sa surukan kawu a gurbinsu. Cikinsu har da gidan Zara'u ta Issawane, wadda miji ya bari da yara biyar. Ta samu geronta a shekarar. Kawu kuwa bai sake taka gidan ɗan nasa ba.

Kai ne, Abdussalamu, ƙyauren da ba ya sanin dangi. Ka sha gori, ka ci gaba da aikinka.

Bana ga fari, ga soja kuma. Sabon kwamiti ya ce kodi barkatai ɓata lokaci ne, ya sallame ka, ya rubuta guda ɗaya na kowa da kowa a takarda ya manna a bango. Raina ya ɓaci, kuma ba ni da abin yi.

Mun gode, Allah ya saka maka. Masu tasowa, ku yi koyi da shi, ko da yake kun ga abin da ya jawo masa.

Ran Litinin Zara'u ta zo. Aka duba, babu sunanta, babu kuma wanda ya san mai gogewa. Ta ninke buhunta ta koma Issawane.