Kibod ɗin da na zaɓo a Yelwa

Tun kafin a ƙirƙiro jihar Kebbi nake buga tafireta a wani ofis a Wara. Da aka ce za a kawo mana kwamfuta, shugabanmu ya ɗauke ni a motarsa zuwa Yelwa.

"Malam, kai za ka yi aiki da ita," in ji shi. "Zaɓi kibod ɗin da ya dace da hannunka."

Mai shago ya fito da guda uku. Biyu laushi gare su, da na taɓa sai harafi ya fito bibbiyu. Na ukun maɓallansa masu tauri ne, kamar na tafiretata. Shi na ɗauka, na riƙe shi a cinya har Wara saboda ramukan hanya.

Ran Litinin na zo da sabuwar riga, na tarar da ƙanen matar shugaban a kujerata a gaban kwamfutar, an fitar da teburina baranda.

"Ranka ya daɗe, lafiya?" na tambayi shugaban.

Ko kallona bai yi ba. "Haƙuri za ka yi, Malam. Yaron yana da takarda."

A barandar nan na yi ritaya.